Kwalbar Man Kanumfari

A bencin jiran likita, wani tela ya rungume jaririyarsa, harshenta ya yi fari fat. Matar da ke gefensa ta leƙo.

"Malam, ƙamshin kanumfari nake ji. Me ka sa mata?"

"Ban sa ba tukuna, Hajiya." Ya zaro 'yar kwalba daga aljihu. "A rediyo aka ce man nan yana kashe ƙwayar cutar."

"Yana kashewa, amma a faranti! Aikina ke nan a ɗakin gwaji. Cutar dangin yis ɗin burodi ce, mukan shuka ta a faranti, mu ɗiga mai, mu ga ta ja da baya. Sai dai faranti ba ya kuka. Tsuran man zai ƙona mata baki, ta ƙi nono."

Telan ya dubi kwalbar. "Uwarta ce ta riƙe min hannu da safe. Har na ce mata ba ta waye ba. Na kawo kwalbar ne likita ya raba mu."

"To, an raba ku. Akwai maganin ɗigawa, 'yan kwanaki za ta warke."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya gyara wa yarinyar hula.

"Alhamdulillahi. Ga uwar can tafe da kati. Don Allah, Hajiya, karɓi kwalbar nan da sauri, ki kai wa farantinki."