Ba Mai Juya Mini Sakwara

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni ce Hajara daga Zogbeli.

Kwanakin baya nas ta ce jinina ya hau, lallai in riƙa motsa jiki. Na ce mata a shekaruna ina jin nauyin fita gudu a titi. Ta ce to aikin gida ma ya isa. Sai na koma shara da kaina, na fiddo turmi da taɓarya. Alhamdu lillahi, jiki ya fara saki.

Amma Malam, sakwara sai mutum biyu, ɗaya na daka, ɗaya na juyawa. Mai juya mini a da maƙwabciyata ce, Mma Ayishetu, wadda ta koma Kumasi wajen 'yarta. Tana juyi tana tsokanata: "Hajara, doyar kike daka ko lallashinta kike yi?" Yanzu ni ke daka, ni ke tsugunawa in juya, tsakar gida shiru. Wata rana sai in jingine taɓaryar in zauna kawai, ga shi nas ta ce kada in daina.

Mma Ayishetu, in kina ji, ina kewarki ƙwarai. Matan Zogbeli kuma, wadda hannunta ba ya tsoron taɓarya ta leƙo bayan la'asar. Ko ba ta iya juyi ba, ta zo mu yi hira.