Kwana Goma Sha Takwas

Ranar Juma'a, a tashar bas ta gaban kotu a Grimsby, wani dattijo mai gyaran rufi ya zauna kusa da wata mata mai riƙe da ambulan. Ni ina bayansu.

"Baiwar Allah, na san takardar nan," ya ce. "Ki biya bashi, ko a ce kin karye a sayar da gidanki, ko?"

"Ina ruwanka?"

"Tawa yanzu alƙali ya soke ta. Surukina ne wai yana bina fam dubu shida, alhali rufin da na yi masa ya cinye kuɗin. Yau zan yi barci."

Ta ɗan saki fuska. "Ni tsohon mijina ne. Kyauta ya ba ni, yanzu ta koma bashi. Na zo in yi musu, amma layin cikin kotu ya yi tsawo, sai Litinin zan dawo. Ai kwana ashirin da ɗaya gare ni."

"Wannan na biya ne. In musu za ki yi, sha takwas ne. Yaushe aka miƙa miki?"

Ta ƙirga da yatsu, ta sake ƙirgawa. "Yau sha takwas."

"To, ba su rufe kotun ba tukuna."

Ta miƙe, ta ɗora masa jakar cefanenta a cinya. "Riƙe min, Baba. A hankali, akwai ƙwai."

Motar da yake jira ta zo ta wuce. Ko hannu bai ɗaga mata ba.