Agogon Malam

Mardiya: Alo? Salamu alaikum, Inna.

Inna: Wa alaikumus salam. Auta, ke ce? Kina ji na?

Mardiya: Ina jin ki. Ina kwana, Inna? Ya Kurfi?

Inna: Lafiya lau. Ya maigidan naki? Ya yaran makarantar taku? Dutsin-Ma kun samu ruwa?

Mardiya: Yayyafi dai. Ya Baba?

Inna: Yana nan zaure. Auta, agogon bangon nan na babanku, ya ake karanta shi?

Mardiya: Rogo?

Inna: Agogo! Mai zane-zanen nan, wanda ba lamba a jikinsa.

Mardiya: Au, lambobi ne, Inna, na Romawa. Shekara nawa yana ɗakinku, sai yau?

Inna: To da ina ruwana? Tun ina amarya nake kwanciya ina kallonsa, sai in ga kamar manoma ne suka kewaye gona, wani da sanda, wani da gwafa, wani da almakashi. In na tambayi lokaci, Malam ya ɗaga kai ya faɗa mini, a hankali, kamar albishir. Daɗin tambayar ma ya hana ni koyo.

Mardiya: Kai, Inna! To, sandar nan ɗaya ce. Gwafar biyar. Almakashi goma.

Inna: Gwafa biyar... almakashi goma. To wanda ya haɗa biyu fa?

Mardiya: In sanda ta biyo baya, ki ƙara. In ta sha gaba, ki rage. Amma me ya hana ki tambayi Baba?

Inna: Ai shi ke tambayata yanzu.

Mardiya: Ban ji ba, layin na yankewa. Wa ke tambaya?

Inna: Babanku. Tun bayan sallah. Ya zauna ya fuskanci bangon, ya daɗe, sannan ya ce, "Azumi, ƙarfe nawa?" Ni kuma in leƙa inuwar tsakar gida in kintata.

Mardiya: Innalillahi! Idon ne? Shi ne ba wanda ya faɗa mana?

Inna: Ya ce kamar hayaƙi ne ya tsaya masa, zai wuce. Ya hana a tayar muku da hankali.

Mardiya: Gobe da safe ina hanya. Asibiti za mu kai shi, Inna, irin wannan ana gyarawa.

Inna: Allah ya sa. Kar dai ki ce a bakina kika ji. Tsaya... ƙaramin hannun na kan sanda da almakashi. Sandar ce gaba.

Mardiya: To ki rage.

Inna: Goma ba ɗaya... tara. Tara ce, Auta?

Mardiya: Tara ce, Inna. Daidai.

Inna: Ikon Allah! Ga shi nan ma ya shigo, yana lalubar ƙofa. Malam! Zo ka tambaye ni...

Mardiya: Inna, ba shi wayar mu gaisa. Inna? Alo? Kash, katin ya ƙare!