Makulli a rataye a wuya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barkanku da aiki. Ina ɗinkin buhu a wani kamfani a Sharada. Ƙawata Talatu ta mai da lambar katin aikinta kalmar sirrinta ta Fesbuk, katin da kullum yake rataye a wuyanta! Wani ya shiga shafinta ya zazzagi manaja, saura ƙiris a kore ta. Ni na ja ta har ofis, na nuna wa manaja katin, sannan ya yarda ba ita ba ce.

Jama'a, ku sa kalma doguwa, ku cakuɗa haruffa da lambobi, ku bar ta a ƙwaƙwalwarku. Ina gaida 'yan sashen ɗinki, da maigidana. Malam, ka yi haƙuri, tawa kai ma ba za ka ji ta ba.