Direban Gwaji Bakwai

YAYA: Salamu alaikum. Auta, kana ji na?

AUTA: Wa alaikumus salam, Yaya. Ina wuni?

YAYA: Lafiya lau. Ya aiki?

AUTA: Da godiya. Ya maigidan, ya yara?

YAYA: Duk lafiya, suna makaranta. Ya matarka? Ya 'yar lukutata, haƙoran sun fito?

AUTA: Biyu a ƙasa. Jiya ta gwada su a kunnena.

YAYA: Ta yi daidai, ai kunnen ba ya jin magana. Muryarka tana yankewa, ina kake?

AUTA: Bari in sauko ƙasa, ofishinmu ba ya riƙe sabis. Yauwa. Yanzu fa?

YAYA: Tar nake jin ka. Na zo gida duba su Baba ne, na ce bari in ji lafiyarka, tunda kai ka zama ɗan gwamna, sai an nema.

AUTA: Wallahi ba haka ba ne. Yau ƙarfe uku za mu saki sabon zubin wasanmu na waya, sati biyu ke nan ba mu da sukuni. Ya jikin Baba?

YAYA: Da sauƙi sosai. Hannun daman dai yana nan yadda ka bar shi, amma bakin ya fara sakewa. Mai gashin ƙashi ma ta yaba.

AUTA: Alhamdu lillahi. Yana cin abinci?

YAYA: Har ƙari yake nema. Kai, ni fa na ga wasan naku, Sha Kwana. Ashe haka kuka iya aiki? 'Yan motoci kamar kwanon awo, direbobi kai ya fi jiki girma, amma in suka shiga hanyar kasuwar nan sai da na ɗaga ƙafata kar a take ni.

AUTA: Hanyar kasuwa wata huɗu ta ci mana. Mai zanenmu sai da ta zana rumfa ɗari da wani abu, ɗaya bayan ɗaya.

YAYA: Kuma ƙaramar motar nan ja, ƙararta ba keken ɗinkina ba ne?

AUTA: Kin gane ashe.

YAYA: Keken da nake takawa shekara goma sha biyar? Ranar da ka zo shago ka kafa mini waya a gindin keke, na ɗauka aikin ne ya taɓa maka kai.

AUTA: Mai haɗa mana sauti ya ce bai taɓa samun inji mai daɗinsa ba. Ya ɗan ƙara masa kauri ne kawai.

YAYA: Abu ɗaya ne ban gane ba. Me ya sa in ina ta baya nake samun ruwan sabulun nan mai kyau, in watsa wa mutane su yi ta juyi, amma in ina gaba sai a ba ni lema kawai?

AUTA: Da gangan muka yi. In na gaba ya tsere tun zagayen farko, sauran bakwai ajiye waya za su yi. Dole a riƙa taimakon na baya, kowa ya ji yana da rabo har zagaye na uku.

YAYA: Wato ku ma kun san halin 'yan'adam.

AUTA: Yaya, tsaya. Wane kiɗa nake ji a bayanki?

YAYA: Kiɗa? Rediyo ne.

AUTA: Rediyo ba ya kiɗan hanyar gada. Ni na zaɓi kiɗan nan, na ji shi ya fi sau dubu. Wa ke bugawa?

YAYA: Yara ne mana.

AUTA: Yaran da kika ce suna makaranta?

YAYA: Kai dai tun kana ƙarami ba a ɓoye maka abu. To, ka rufa mini asiri, ya ce in na faɗa maka ba ni ba shi.

AUTA: Wa?

YAYA: Baba.

AUTA: Layin ya yanke, ban ji ba. Kin ce wa?

YAYA: Ka ji sarai. Baba na ce. Mahaifinmu, ni da kai.

AUTA: Baban da ya ce na yi karatun injiniya na ƙare a wasan yara? Wanda ko sunan kamfaninmu ba ya kamawa?

YAYA: Shi fa. Wata biyu ke nan. Ka tuna yadda ya koma bayan ciwon nan, ya juya wa taga baya, ko ƙarar mota ya ji a titi sai ya ce a rufe labule. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu a kan sitiyarin tanka, an ce masa ya gama tuƙi har abada. Mama ta yi kuka har ta gaji. Yanzu kuwa da ya karya sai ya ce a jingina shi da filo, a ɗora masa waya a kan tiren nan na katako, wai zai fita aiki.

AUTA: Zai fita aiki.

YAYA: Haka yake cewa. In Mama ta yi magana ya ce ba a yi wa direba surutu a kwana.

AUTA: Amma Yaya, ta yaya? Wasan nan hannu biyu yake so. Yatsan dama na totur da jifa, na hagu na sitiyari. Baba hannu ɗaya gare shi.

YAYA: Nasa ba haka yake ba. Motar da kanta take tafiya, shi dai yana jan babban yatsa hagu da dama, in ya ɗaga yatsan ta rage gudu. Ni ma na nema a wayata ban samu ba, na ce ko na manya ne.

AUTA: A wace waya yake bugawa?

YAYA: Tsohuwar wayarka mana, wadda ka ba shi a asibiti don ya riƙa jin labarai.

AUTA: Innalillahi. Ban goge ta ba.

YAYA: Me ka ce?

AUTA: Yaya, don Allah leƙa ki gani. Wane suna ne a saman motarsa?

YAYA: Ba sai na leƙa ba. Gwaji 7. Na ce a sa masa sunansa, ya ce a'a, lambar mota ce, ba a canza wa mota lamba.

AUTA: Gwaji 7.

YAYA: Lafiya? Ko layin ne?

AUTA: Ba layi ba ne, zama na yi a kan matakala. Yaya, kin san wata guda ke nan ofishinmu ba a maganar kowa sai Gwaji 7?

YAYA: Baban namu?

AUTA: Ba mu san shi ba ne. Tuƙin hannu ɗayan nan ba na mutane ba ne, ni na haɗa wa kaina lokacin da aka haifi 'yar lukutar taki. Ina saɓe da ita a kafaɗa, ina gwada hanyoyi da ɗaya hannun. Ba ya cikin wasan da muka saki, sai a akawun ɗin gwaji. Kwatsam muka ga wani akawun ɗin gwaji ya hau allon gwanaye, na uku a hanyar gada, cikin mutum dubu ɗari biyu da wani abu.

YAYA: Na biyu. Shekaranjiya ya wuce wani mai hoton kyanwa.

AUTA: To kin ji. Muka ce wani ne ya fasa mana wasa ya saka na'ura tana tuƙa masa. Mun zauna mu tara a gaban babban allo muna kallon tserensa. Yaya, ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba. Kowa yana shiga kwana da gudu ya daki bango ya dawo, shi kuwa tun kafin kwana zai sassauta, ya buɗe waje, ya yanko ciki kamar an ja zare, ya fita da gudun da ya fi na kowa. Zagaye uku, tayarsa a layi ɗaya take bi. Bai taɓa gogar motar kowa ba. Kuma bai taɓa jifan kowa da komai ba.

YAYA: Ai ya ce ko da maɓallin ba zai yi ba. Wai direban kirki ba ya watsa wa ɗan'uwansa sabulu a titi, tarbiyya ce babu.

AUTA: Dogo, babban mai gwajinmu, shekararsa shida yana wannan aiki, ya dafa kai ya ce wannan ba mutum ba ne, mutum yana da haushi.

YAYA: Yana da shi, Mama yake sauke wa. To ai abin alfahari ne, me ya sa muryarka ta mutu?

AUTA: Saboda sabon zubin da za mu saki ƙarfe uku zai cire tuƙin hannu ɗaya gaba ɗaya. Kuma zai rufe Gwaji 7, ya share duk tserensa.

YAYA: Wane mara imanin ne ya yanke wannan?

AUTA: Ni ne. Da hannuna na rubuta.

YAYA: Auta.

AUTA: Na sani.

YAYA: Ba ka sani ba. Ba kai kake ganinsa da safe ba. Mutumin nan ya koma aske gemu, ya koma tambayar ƙarfe nawa. In ya buɗe gobe ya ga an ƙwace masa mota karo na biyu, wallahi ban san wace tagar zai juya wa baya ba.

AUTA: Ƙarfe nawa a wurinki?

YAYA: Uku saura minti tara.

AUTA: Dogo ne zai danna, yana hawa na huɗu. In zan tsayar da shi, sai na ce wa oga ni na fitar da wayar gwaji daga ofis ban goge ba. An kori wani bara a kan abin da bai kai wannan ba.

YAYA: To ya za ka yi?

AUTA: Zan faɗa mana. In ya ga dama ya...

YAYA: Tsaya, tsaya, ya ji ni. Na'am, Baba? A'a, da mai kawo mini zare nake... To. To, Baba. Auta, ya ce ƙarya ba ta yi mini kyau, in kawo wayar. Ga shi, ka yi haƙuri da maganar, a hankali take fita.

AUTA: Yaya, lokaci...

BABA: Auta.

AUTA: Na'am, Baba. Ina wuni? Ya ƙarfin jiki?

BABA: Da sauƙi. Ta tona ni ko?

AUTA: Ni na matsa mata, Baba.

BABA: Bakinta... ba ya riƙe ruwa. Tun da can. Ina da tambaya.

AUTA: Ina ji, Baba.

BABA: Kwana ta uku. Bayan gada. Wa ya yi ta?

AUTA: Ni ne, Baba. Ta yi tsauri ko? Mutane suna ta ƙorafi, an ce in sassauta ta.

BABA: Kar ka taɓa. Titin ya kwanta ciki... kaɗan. Yadda mota za ta jingina. Wanda bai san hanya ba... ba zai yi haka ba. A ina ka gani?

AUTA: A gaban tankarka, Baba. Lokacin hutu, in ka ɗauke ni. Kai kake cewa in duba yadda titi yake kwanciya kafin in duba inda ya nufa.

BABA: Ashe kana ji. Na ɗauka barci kake.

AUTA: Ina ji, Baba.

BABA: Na ce wasan yara ne. Na faɗa... a gaban mutane. To ba wasan yara ba ne. Aiki ne. Hanyar nan, wanda ya yi ta...

AUTA: Baba.

BABA: Bari in gama. Shekara nawa ban... ban gaya maka ba. Zauna ka ji.

AUTA: Baba, wallahi babu abin da nake so a duniya kamar in zauna in ji. Amma saura minti huɗu, kuma sai na kira wani a sama yanzun nan. Akwai tsofaffin direbobi irinka da yawa, da masu hannu ɗaya, so nake a buɗe wa kowa irin tuƙinka. In na tsaya, za a ɗauke maka mota.

BABA: Wa zai ɗauke?

AUTA: Wani sakarai ne ya ba da umarni, zan je in gyara masa zama. Ka yafe ni, yau zan kashe maka waya.

BABA: Ni za ka kashe wa waya?

AUTA: Sau ɗaya tak. Ka riƙe mini sauran maganar, gobe zan zo da kaina in ji ta a bakinka.

BABA: To. Ka zo da 'yar lukuta, takwarar Mamanku. Auta.

AUTA: Na'am, Baba?

BABA: Matakala ce a gabanka?

AUTA: Hawa huɗu.

BABA: Sassauta kafin kwana.

AUTA: To, Baba. Na kashe.