Jan Ƙwan da Bai Fashe Ba

A tashar jirgin ruwa ta tsibirin Naksos, washegarin bikin Ista, wani tsoho ya tsaya gaban wata mai sayar da burodin riɗi, da dafaffen ƙwai da aka rina ja a hannunsa, irin wanda dangi ke gwarawa ranar bikin don a ga na wa zai fashe.

"Baiwar Allah, zo mu gwara ƙwai."

"Haba Baba, ai tun jiya aka gama. Naka bai fashe ba? To sa'ar bana taka ce! Na wa ka fasa?"

"Ban fasa na kowa ba. Ɗana ya ce zai zo daga birnin Atina, amma 'yan yawon buɗe ido kaɗai jirgin ya sauke."

Matar ta ciro ƙwan abincin ranarta. "In naka ya fashe, sa'ar ta tafi fa."

"Buga da ƙarfi, 'yata. Na gaji da wannan sa'ar."