Ranar da Inna ta shinshina bakina

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ne Bawa, mai noman albasa daga Taloka. 'Yar gorar nan ta hannuna zuma ce. In na soma magana marar kai, ku ɗura mani.

Ban daɗe da yin baftisma ba ciwon ga ya kama ni. In na tahi hwadama ban karya ba, sai zuhwa, sai makyarkyata, sai tangaɗi, harshe ya yi nauyi. Ran kasuwar Goronyo na hwaɗi cikin tulin albasa ina dariya. Kahin in kai gida labari ya riga ni: Bawa ya bi Nasara, ya kama giya. Ni da ko warinta ban so!

Inna, mahaihiyata, ta haƙura da sabon addinina, amma wannan ta kasa. Ta aiko cewa, "Kada mashayi ya tako mani gida." Wayyo! Wannan ya hi ciwon zahi.

Ku kuma, don ƙauna, kunka ce iska ce, a yi azumi. Munka yi. Kahin rana ta take sai ɗaukata kunka yi ranga-ranga. Ban riƙe kowa ba, amma kada a sake.

A asibitin mishan likita Bature ya tsaga cikina. Ya ce wani ƙari ne bayan tumbi ke shanye zaƙin jinina, irin wanda ba a cika gani ba, kuma ya riga ya yaɗu har hanta. Na ce, "To, mi za a yi?" Ya ce babu sauran magani.

Nan na yi kuka. Na ce, "Ya Yesu, ban roƙe ka tsawon kwana ba. Ka wanke ni wurin Inna."

Da anka sallamo ni na taka zuwa gidanta. Tahiyar ta cinye ni, na zube bakin ƙohwa. Matan gida sun ce da hwaɗa ta hito. Sai ta duƙa, ta kama haɓata, ta shinshina bakina. Ta sake shinshinawa.

"Babu giya," in ji ta. "Ku ba shi abin sa wa baka!"

Zuma ce kusa, ita anka ɗura mani. Na hwarka kaina bisa cinyarta, tana kuka tana cewa, "Ɗana na mutuwa, ni ko na kore shi."

Ciwon yana nan, 'yan'uwa. Albasar da na dasa bana wani ne zai cire ta. Amma na gode wa Ubangiji, abin da na roƙa ya ba ni. Ku dogara gare shi. Gorar nan, Inna ce ta cika mani ita yau da sahe.